Kwanduna Uku da Ɗan Bokiti: Shekara Uku da Masu Kwasar Sharar Ƙaramar Hukumarmu

Wata Talata da safe na dawo daga aikin dare, idona kamar an zuba masa yashi, na tarar an juye kwandunan sharar layinmu na nan Ingila kaf, an bar su wayam a bakin titi, ban da namu. Namu na nan cike maƙil yadda maigida ya tura shi da daddare, an rataya masa wata jar takarda a mariƙi, duk mai wucewa sai ya waiga. A jikin takardar an jera laifuffuka kusan goma, an sa alama a kan guda: akwai abin da bai kamata ba a ciki. Wane abu? Oho. Na ɗaga murfin na leƙa. Kwalabe ne da gwangwanaye da robobin madara, waɗanda ni da hannuna na ɗauraye, na zuba a baƙar leda, na ƙulle bakinta tamau don kada a ce baƙin nan ƙazamai ne. Ashe tsaftar tawa ce laifin.

Maƙwabcinmu ne ya warware mini. Dattijo ne da ya haura 80, ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa. Yarana Kaka suke ce masa, ya kuma karɓi sunan hannu bibbiyu tun kafin ya san ma'anarsa. Ya dogara sandarsa ya ƙaraso, ya nuna ledar, ya ce a wannan kwandon ba a ƙulle komai, a warwatse ake zubawa. Na ce, "Kaka, saboda me?" Ya taɓe baki ya ce haka dai suka ce. Sai da muka yi mako biyu muna jibge robobi a bayan ƙofar kicin kafin motar ta sake zagayowa.

Wannan "haka dai suka ce" shi ne babban ƙorafina a kan hidimar nan, kuma zan dawo kansa. Amma kada a ɗauka tsiya na zo yi. In maki ake so tun daga farko, mutanen da ke bin mota na ba su tara cikin goma, masu zama a ofis suna rubuta takardu kuwa biyar, ita ma da ƙyar.

Muna zaune ne a wani matsakaicin gari a arewacin Ingila, a irin layukan nan da gidaje ke manne da juna, ƙofa a bakin titi, lungu a baya. Mu biyar ne: ni, maigida, da yara uku, autar har yanzu tana sa famfas da dare. An ba mu baƙin kwando mai taya, lita 180, na sharar da ba ta da sauran amfani. Shuɗi na takarda da kwali. Da mai ruwan toka, lita 240, na kwalabe da gwangwanaye da robobi. Sai ɗan bokitin ragowar abinci na cikin kicin, da yayansa mai lita 23 da ke zama a waje. Na abinci duk Talata ake kwashewa. Sauran kuwa karɓa-karɓa ne, wannan mako baƙi, mako na gaba shuɗi da mai toka. Akwai na ciyawa da ganyen bishiya, amma shi sai an biya fam 45 a shekara, kuma tsakar gidanmu ba ta fi shimfiɗar tabarma uku ba, don haka muka haɗa kuɗi da Kaka muke amfani da guda.

Ba a biyan kuɗin kwasar shara daban, yana cikin harajin gida da ƙaramar hukuma ke karɓa. An kasa gidajen Ingila rukuni takwas, daga A zuwa H, gwargwadon darajar da gida yake da ita a 1991, kuma har gobe da wannan tsohon ƙiyasi ake aiki. Mafi yawan kuɗin wajen kula da tsofaffi da yara masu buƙata yake tafiya, abin da ake kashewa a shara kaɗan ne daga ciki. Sai dai shara ita ce hidimar da kowa ke gani da idonsa duk mako, shi ya sa duk wanda ransa ya ɓaci da haraji a kan kwando yake hucewa.

Masu kwasar su uku ne, direba da mutum biyu a ƙasa. Kafin bakwai na safe za ka ji ƙugin motar daga farkon layi, ko ruwa ake tsugawa, ko ƙanƙara ta daskare a titi har mutum na tafiya kamar mai taka ƙwai. Cikin shekara uku sau biyu kacal suka tsallake mu ba da laifinmu ba. Na farko na cike fom a shafin ƙaramar hukumar na intanet, suka dawo bayan kwana biyu. Na biyu na cike fom ɗin, aka turo mini lambar ƙorafi mai tsawon gaske, shiru kake ji har makon kwasa ya sake zagayowa. Aibinsu ɗaya, in sun juye kwando inda hannu ya kai nan suke sakinsa. Ka tarar da naka a ƙofar gida na huɗu, ko iska ta kwantar da shi a tsakiyar titi. Maigida ya sayo manyan lambobi ya liƙa wa namu, muka huta da cigiya. Shi kuwa Kaka, saboda shekarunsa da ciwon gwiwa, an sa shi cikin tsarin taimako: su suke shiga har tsakar gida su fito da kwandon, su mayar, su ja masa ƙyaure. Kyauta ne, amma sai wanda ya san da shi ya nema. Ya yi shekaru yana jan kwando da sanda a ɗaya hannun kafin 'yarsa ta gano akwai irin wannan tsari.

Wanda ya raina aikin mutanen nan ya tambayi mutanen Birmingham. Da masu kwasar sharar can suka tsunduma yajin aiki gadan-gadan a watan Maris na 2025, wata bai ƙare ba sai da majalisar birnin ta ayyana halin gaggawa, shara kimanin tan 17,000 jibge a tituna, ɓeraye na shagali. Tun daga lokacin in na ga motar tamu sai na ɗaga musu hannu.

To, mu dawo kan masu ofis. Duk shekara ana jefo mana kalanda ta kafar ƙofa, da hotunan abin da ake so da wanda ba a so. Hotunan suna taimakawa, musamman ga wanda Turancin bai zauna masa ba. Amma doka ce zalla, ba dalili ko ɗaya. Kwalbar miya e, kofin gilashi a'a. Gorar ruwa e, ledar burodi a'a. Kwali e, kwalin fiza da maiƙo ya jiƙa a'a. Baƙar robar da ake sayar da nama a ciki a'a, farar 'yar'uwarta e. Ga wanda bai san dalili ba, wannan duk son rai ne, kuma abin da mutum ya ɗauka son rai ne ba ya daɗewa a kansa. Ƙari a kan haka, ƙanwar maigida tana wani gari da bai fi tafiyar minti ashirin a mota ba, amma wata ƙaramar hukumar ce daban: a wurinsu kore ne na sake sarrafawa, takarda da kwalba duk a haɗe. In ta zo mana hutu sai na bi bayanta ina tsince abin da ta zuba, in na je nata ita ma ta bi nawa. Gwamnati ta san da wannan ruɗani. Ta sa ranar 31 ga Maris 2026 a matsayin wa'adin da ƙananan hukumomin Ingila za su riƙa karɓar kaya iri ɗaya daga gidaje, wato takarda da kwali, roba, ƙarfe, kwalba, da ragowar abinci duk mako, ledoji kuma su biyo baya a ƙarshen Maris 2027. Launin kwanduna dai kowa da nasa.

Dalilan da aka ƙi rubuta mini a kalanda a wata ziyara na same su. Makarantar babbar 'yata ta shirya kai 'yan ajinsu masana'antar da ake ware kayan, ana neman iyaye biyu masu rakiya, na ba da sunana don dai ranar ba ni da aiki. Aka sa mana hular kwano da rigar nan mai ƙyalli, aka hau da mu wani bene mai gilashi, muna kallon ƙasa. Gani ya kori ji.

Motoci ke shigowa su juye kaya tsibi guda, katafila ta ɗiba ta zuba a kan bel mai tafiya. Farkon bel ɗin mutane ne a tsaye da safar hannu, suna warto abin da zai lalata inji, kuma gudun bel ɗin bai ba su damar kwance ƙullin kowa ba. Duk ledar da ta zo a ƙulle, ba wanda ya san ko kwalabe ne a ciki ko allura ko famfas, sai a cilla ta gefe ta bi sharar ƙonawa. Nan na tuna baƙar ledata da na ƙulle da kyakkyawar niyya, na ji kunya ta rufe ni a gaban yaran da ba su san abin da nake tunani ba. Daga nan kayan su bi ta kan wasu fayafayai masu juyawa, ƙananan abubuwa su zube ta ƙasa. Shi ya sa murfin gora in shi kaɗai ne ɓacewa yake, gara a matse gorar a mayar mata da murfinta. Shi ya sa kuma ake cewa takardar alminiyam ta naɗe abinci a tara ta a dunƙule har ta kai kamar ƙwallon tanis. Ledoji da igiyoyi da tsumma su ne abokan gabar fayafayan nan: suna nannaɗewa a jiki har sai an kashe injin gaba ɗaya, ma'aikata su hau da wuƙa suna yankewa.

Gaba kaɗan wani ƙaton maganaɗisu ke zuƙe gwangwanayen ƙarfe, irin na tumatir da wake. Na lemo kuwa alminiyam ne, maganaɗisu ba ya kama shi, sai aka yi masa wata dabarar: wani inji ne da ke sa gwangwanin ya yi tsalle da kansa ya faɗa wani rami daban. Yaran suka yi ta ihu, ni ma ban san sanda na ce "kai!" ba. Robobi kuma haske ake haska musu, na'ura ta gane irin kowace daga yadda hasken ya dawo, ta hura mata iska ta cilla ta inda ya dace. Baƙar roba shanye hasken take yi, na'urar ba ta ganinta sam, sai ta wuce a matsayin shara. Kofin gilashi da kwanon gashi na gilashi ba sa narkewa a zafi ɗaya da kwalba, guda ɗaya na iya ɓata narkin da aka yi. A ƙarshe a matse kowane iri dila-dila, a ɗaure da waya, a sayar. Dilar alminiyam ce mai tsada, domin narka tsohon gwangwani bai cin ko kashi goma cikin ɗari na wutar da ake ƙonawa wajen yin sabo daga ma'adini. Dilar da ƙazanta ta yi wa yawa kuwa mai saye ya dawo da ita.

Matar da ke zagayawa da mu ta nuna mana wani bango da ya yi baƙi ƙirin. Gobara ce, daga batir. Irin batirin nan na waya da na sigarin lantarki, in injin motar shara ko na masana'anta ya murƙushe shi, wuta yake kamawa, ga takarda ga roba a kewaye. An hana sayar da sigarin lantarkin da ake sha a yar tun 1 ga Yunin 2025, amma batura ba su ƙare a gidaje ba. Manyan shagunan da ke sayar da batir doka ta wajabta musu ajiye akwatin karɓar tsofaffi, yawanci yana nan kusa da ƙofa, na sha wuce shi ban san na mene ne ba.

Awa ɗaya da rabi muka yi a wurin, kuma tun daga ranar ba a sake rataya mana jar takarda ba. Abin da ke ba ni haushi, duk wannan bayani zai shiga bayan kalandar nan da ake bugawa da kuɗinmu. Layi ɗaya ya isa: kada ku ƙulle, domin ba mai kwancewa. A maimakon haka hoton wani kansila ne yana murmushi kusa da kwando.

Amma abin da ya canza gidana da gaske ba kwandon toka ba ne, ɗan bokitin abinci ne, wanda da farko na rantse ba zai kwana a kicin ɗina ba. Wa zai ajiye ruɓaɓɓen abinci kusa da inda yake girki? Wata biyu yana ƙarƙashin matattakala da ledarsa. Abin da ya tilasta ni, baƙin kwandon ne ya daina isarmu. Lita 180 ga mutum biyar har mako biyu, ga famfas. In murfi bai rufu ba ba za a ɗauka ba, leda a gefe kuma ko kallonta ba sa yi. Maigida har hawa yake yana tattakawa. Ran nan ya sauko yana haki ya ce, "Maman yara, ko dai a fito da bokitin nan ko ƙafata ta karye." Aka fito da shi.

Makon farko da na ɗauka zan juye a na waje, nauyinsa ya ba ni mamaki, sai na tsaya na duba. Na zaci ɓawon dankali da na ayaba da ƙashin kaza da ganyen shayi zan gani. Suna nan, amma ba su ne masu nauyin ba. Rabin burodi ne da ya yi fumfuna, shinkafar da na dafa ta mutum takwas alhali mu biyar ne, ganyen salak da ko buɗe ledarsa ba a yi ba ya narke, tuffa uku da aka gatsa sau ɗaya aka ajiye. A baƙin kwando duk wannan ɓuya yake a ƙarƙashin tarkace, ba ka gani balle ya dame ka. A ɗan bokitin nan kuwa ba abin da zai rufa maka asiri. Ni da nake yi wa yara wa'azin almubazzaranci a kan loma ɗaya, ashe ni ce shugabar masu yi. Ƙungiyar WRAP, wadda ke bin diddigin wannan lamari, ta ƙiyasta gidajen Birtaniya na zubar da abinci kimanin tan miliyan 6 a shekara, mafi yawansa kuma abin da za a iya ci ne. Da a takarda na karanta sai in ce Turawa ne da ɓarna. A bokitina na gani.

Ba wani abin a-zo-a-gani na yi ba. Na samu kofi guda na mayar da shi ma'aunin shinkafa. Burodi rabi a firiza tun ranar da aka sayo. Kafin in tafi cefane sai na buɗe firji na ɗauki hotonsa da waya, don a shago kowa mantuwa yake. Na kuma koyi bambance kwanan wata iri biyu da ake bugawa a jikin kaya: akwai na "a ci kafin", wanda ake sa wa nama da kifi da makamantansu, shi ba a wasa da shi, akwai na "ya fi daɗi kafin", na su biskit da taliya da abincin gwangwani, wanda wucewarsa ba ta nufin abin ya lalace. Shekaru na yi ina zubar da lafiyayyen abinci saboda na ɗauka duk ɗaya ne. Yanzu baƙin kwandon da ƙyar yake wuce rabi, maigida ya yi ritaya daga tattaka shara, kuɗin cefane ma ya ragu yadda na ji a jikina.

Bokitin yana da nasa wahalar, kada in yi masa kwalliya. Da zafi, in aka yi sakaci kwana biyu, ƙudaje sun samu gida, kuma sau ɗaya na buɗe na waje na ga tsutsa fari fat, na yini ban ci abinci ba. Maganinsa a naɗe ragowar nama da kifi a tsohuwar jarida, a juye na kicin kullum, a wanke da ruwan zafi. Mariƙin na wajen shi ne makullinsa: in ka tura shi gaba murfin ya datse. Daren da ɗana ya manta, yanyawa ta zo ta yi mana walima a ƙofar gida, da asuba ni ce da tsintsiya. Ledojin da ake shimfiɗawa a ciki kyauta ake bayarwa, in sun kusa ƙarewa ka ɗaura guda a mariƙi su ajiye maka sabon naɗi, in sun tuna. Abincin kuma ba binnewa ake ba. Manyan tankuna ake zubawa waɗanda iska ba ta shiga, ƙwayoyin halitta su cinye, gas ya fito a yi wutar lantarki da shi ko a tura bututu, abin da ya rage ya zama taki a gonaki. Da a rami aka binne shi, wannan gas ɗin sama zai tashi ya ƙara ɗumamar yanayi.

Sai babban jujin ƙaramar hukuma, inda ake kai abin da kwando ba ya ɗauka. Juji dai a suna, amma ya fi wasu tashoshin mota tsafta: manyan akwatunan ƙarfe a jere, na katako daban, na ƙarfe daban, na kayan lantarki, fenti, man mota, tufafi. Ma'aikatan da sauƙin kai, in ka tsaya kana rarraba ido wani zai zo ya nuna maka. Tun ƙarshen 2023 aka hana karɓar kuɗi a kan ɗan ɓaraguzan gyaran gida, buhu biyu masu lita 50 a zuwa ɗaya, wanda ya yi mana rana sanda muka canza tayil ɗin banɗaki. A bakin ƙofa akwai shagon kayan da aka tsamo masu sauran rai. A nan na saya wa ɗana keke fam 15, birki kawai aka gyara. A duk hidimar nan, wannan shago na fi so. Matsalar wurin, sai ka kama lokaci ta intanet, kuma sai da mota, ba a shiga da ƙafa. Shekararmu ta farko a ƙasar nan, a wani bene muka zauna, ba mota, kwandunan kuma na kowa da kowa ne a ƙasa, wanda ya ware da wanda bai ware ba duk a rami ɗaya suke haɗuwa. Wanda ke irin wannan gida, yawancin yabon da na yi bai shafe shi ba.

Ga marar mota, in katifa ko firji ya mutu, sai ya biya a zo a ɗauka. Mun biya fam 30 a kan katifa da kujera, aka ba mu rana bayan kwana goma sha tara. Kwana goma sha tara katifa na jingine a tsakar gida tana shan ruwan sama. A wannan tazara ce masu ƙananan motocin kaya da ke talla a Facebook suke cin kasuwarsu: yau ka kira, yau su zo, a farashi mai sauƙi. Wasu na da rajista da hukumar kula da muhalli, wasu kuwa bayan gari za su je su juye a bakin gona. In aka tona aka samu wasiƙa mai adireshinka a ciki, kai za a ci tara, har fam 600, domin doka ta ɗora wa mai shara alhakin tabbatar wa ya miƙa wa. Lungun bayan gidanmu bai taɓa yin wata guda ba katifa ko karyayyar kujera a yashe ba, kuma ƙaramar hukumar ce dai ke turo mota ta kwashe, da kuɗin harajinmu. Na kasa gane lissafin da ya nuna wannan ya fi araha a kan a ɗauka wa mutane kyauta sau ɗaya a shekara.

Ɓangaren da suke kira rage shara shi ne mafi rauni, wanka ne da kamar jirwaye. Ana rage wa mutum kuɗin durom ɗin haɗa taki a gida, ana ba masu jego tallafin sayen kunzugun da ake wankewa, wata-wata kuma masu aikin sa kai na zama a laburare suna gyara butar lantarki da fitila kyauta. Duk suna da kyau, duk kuma a ɓoye suke can ƙarshen shafin intanet, sai mai naci. Ni tallafin kunzugun sai da autata ta kusa yaye famfas na ji labarinsa. A gaskiya kwabo 5 ɗin da aka sa wa ledar shago a Ingila a watan Oktoban 2015, wanda ya koma kwabo 10 a 2021, ya canza halin mutane fiye da duk takardun wa'azin nan a haɗe. Ita kanta ƙaramar hukumar aljihunta ne ya koya mata: harajin binne shara da aka fara a 1996 a kan fam 7 kowane tan ya haura fam 126 a 2025. Sai dai gudun rami bai zama sake sarrafawa ba. Kusan rabin sharar da ƙananan hukumomin Ingila ke kwasa yanzu ƙonawa ake a samar da lantarki, abin da gidaje ke sake sarrafawa kuwa ya maƙale a wajen kashi 44 cikin ɗari fiye da shekara goma, alhali maƙwabciya Wales ta haura 65.

Akwai kuma tambayar da ke cina duk sanda nake ɗauraye robar yogot da ruwan zafin da nake biya: ina take ƙarewa? Ƙasar Sin ta rufe ƙofarta ga yawancin sharar roba a farkon 2018, kayan suka karkata zuwa ƙasashe irin su Malesiya da Turkiyya, kuma a 2021 ƙungiyar Greenpeace ta nuna robobin shagunan Birtaniya a yashe, wasu ana ƙonawa, a kewayen birnin Adana na Turkiyya. Na tura wa ƙaramar hukumarmu imel na tambaya, a fili, robar layinmu wace ƙasa take zuwa. Bayan mako uku aka amso da sakin layi biyu masu santsi, an gode mini da kishin muhalli, an ce ana aiki da amintattun kamfanoni. Sunan gari ko ɗaya babu. Ban daina ɗauraya ba, don na ga dilolin da idona kuma na san ana saye, amma wanda ya sa ni aiki kyauta duk mako ya ci a ce ya faɗa mini inda aikin nawa ke zuwa.

Ledojin burodi da na taliya da na cincin ɗin yara, waɗanda kwandon toka bai karɓa tukuna, a wata jaka nake tarawa a bayan ƙofa, in za ni shagon Tesco ko Co-op in tafi da su, akwai akwatin karɓarsu. Jakar nan cika take kafin mako, kuma ba ni na roƙi a naɗe kokwamba ɗaya a leda ba. An ce daga Oktoban 2027 za a fara ɗora ɗan kuɗin ajiya a kan gorar roba da gwangwanin abin sha, in ka mayar a ba ka abinka. Ɗana ya riga ya fara lissafin abin da zai samu a filin ƙwallon unguwa.

Makon jiya Kaka ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da sandarsa, fuska a murtuke, da jar takarda a hannu. Shekara arba'in yana layin nan, ba a taɓa yi masa ba. Takardar irin tawa ce sak ta shekara uku da suka wuce, alama a layi ɗaya, ba ƙarin bayani. Na bi shi na leƙa kwandon: tsohon kaskon suya ne a sama, da guntun tiyon ban ruwa a nannaɗe. Ya ce kasko ba ƙarfe ba ne? Na ce ƙarfe ne, Kaka, amma injin gwangwani aka yi wa, tiyon nan kuma shi ne ke shaƙe fayafayai har a kashe wuta. Ya yi shiru, ya ce to me ya hana su faɗa. Kaskon da tiyon suna but ɗin motarmu yanzu, na samu lokaci a juji ranar Asabar, ƙarfe goma da kwata.